Mashayar Ƙauye da Ciwon Barci: Abin da Anchau ta Gani

A gabashin ƙasar Zazzau, a ƙaramar hukumar Kubau ta Jihar Kaduna, akwai garin Anchau, kuma dab da tsohon garin akwai wani da ake kira Takalafiya. Da yawa daga garuruwanmu sunan maharbin da ya fara sauka suke ɗauka, ko na kukar da ya yada zango a gindinta. Takalafiya kuwa fata ne aka mayar suna, kuma hukuma ce ta raɗa shi a ƙarshen shekarun 1930, sa'ad da ciwon barci ya yi wa Arewacin Nijeriya kamun kazar kuku, har aka ga babu mafita sai a tayar da mutane a sake musu mazauni. Yau da wuya a sami matashi a wannan yanki da ya taɓa ganin mai ciwon barci da idonsa. Amma yadda cutar ta zo, da waɗanda ta kama, da yadda ta tafi, suna amsa tambayar da har gobe ake yi a kowane gida: me ya sa cuta ke kama wane ta bar wane? Mun saba neman amsar a jikin mutum, mu ce wannan jininsa da ƙarfi, wancan ba ya da ƙwari. Tarihin Anchau ya nuna cewa babban rabon amsar yana waje da jiki. Yana inda aka kafa gida, da yawan maƙwabtan da ke kewaye da shi, da inda ake ɗibar ruwa, da wanda aka ɗora wa ɗibar. Waɗannan kuwa yaƙi da zaman lafiya da haraji da neman abinci ne ke tsara su.

Ciwon barci ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Ibn Khaldun ya ba da labarin Sarkin Mali Mari Jata na biyu, wanda barci ya riƙa rinjayarsa har shekara biyu kafin ya rasu wajen 1374. A 1803 wani likitan Ingila da ya zauna a Saliyo, Thomas Winterbottom, ya rubuta cewa masu fataucin bayi sukan shafa wuyan bawa, in sun ji kaluluwa ta kumbura a baya sai su fasa saye. Fulani makiyaya kuma tun kaka da kakanni sun san ƙudan tsando ne ke jawo wa shanu sammore, shi ya sa suke kauce wa kurmi, suke hura hayaƙi a ruga. Abin da Turawa suka ƙara tsakanin 1901 da 1903 shi ne ganin ƙwayar cutar da madubin likita, farko a Gambiya sannan a Yuganda, da tabbatar da cewa tsando ne ke ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum. To, in ƙudan ya daɗe a nan, ƙwayar ma ta daɗe, mutanen kuma jikokin na da ne, me ya sa sai a shekarun 1920 da 1930 cutar ta tashi daga ɗaiɗaiku ta zama annoba? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Sai an san halin ƙudan kafin a gane sauran. Tsando iri-iri ne: akwai na dawa mai bin namun daji da shanu, akwai na bakin rafi, kuma na bakin rafin ne ke ɗauke da ciwon barcin mutane a ƙasarmu. Halitta ce mai rauni ƙwarai. Ba ya zuba ƙwai ɗari-ɗari kamar sauro. Macen tana renon tsutsa ɗaya tak a cikinta, duk kwana tara ko goma ta haife ta a ƙasa mai laushi da inuwa, tsutsar ta nutse ta yi kusan wata guda kafin ta fito da fiffike. Zafi da bushewa suna kashe shi. Da damina, iska na da laima, sai ya bazu ya bi rafi sama da ƙasa. Da bazara ta kama, rafuka suka yanke suka koma 'yan tafkuna nan da can, sai ya tattaru a inda ruwa bai ƙafe ba kuma sarƙaƙiya ta yi rumfa a kai. Nan ne kuma mashayar ƙauye take, domin babu wani ruwan.

T. A. M. Nash, masanin ƙwarin da ya zo Nijeriya a 1933 ya fara aiki a tashar binciken tsando ta Gadau a ƙasar Katagum, shi ne ya fito da muhimmancin wannan haɗuwa. Ya lura da abin da ya saɓa wa zato: a kudu, inda daji ke da duhu kuma ƙudan ya yi yawa, cutar ba ta kai ta Arewa tsanani ba, alhali a Arewa ƙudan kaɗan ne. Inda ƙuda ke da sararin yawo, yau ya ciji kada, gobe guza, jibi wani matafiyi da ba zai sake gani ba, da wuya ƙwayar ta kammala zagayenta, tun da tana buƙatar kusan mako uku a cikinsa kafin ya iya sa wa wani. A mashayar ƙaramin ƙauye da rani kuwa, ƙudaje kaɗan ne a tsare a wuri ɗaya, an farauce namun da ke kusa, kuma mutanen nan dai su ne ke zuwa safe da yamma. Ƙudan da ya sha jinin mai cuta a farkon wata yana nan a wannan inuwa sa'ad da ƙanensa zai zo a ƙarshen wata. Shi kuma mai cutar yana iya yin watanni, har shekara da ɗoriya, yana harkokinsa da ɗan zazzaɓi da ciwon kai, kafin ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa, barcinsa ya juye, ya rame, ya kwanta. Duk tsawon wannan lokaci yana zuwa rafi.

Daga nan ake gane yadda cutar ta raba mutanen gida ɗaya. Mai noman rake a fadama, da masunci, da yaron da ke kai awaki shan ruwa, da yarinyar da ake aika da tulu, da falken da ke hutawa a inuwar maƙetara, duk suna hannun ƙudan. Malamin da ke wuni a zaure da attajirin da ake kawo wa ruwa har gida sun yi nisa da shi, ba don jininsu ya fi na kowa ba. Ko kulle, wanda ya ƙara yaɗuwa a karkarar Zazzau bayan an daina bauta, bai fitar da haɗarin daga gida ba. Ya dai sauke shi daga kan matar aure ya ɗora wa duk wanda ke ɗebo mata ruwa da itace.

Abin da ya canza a farkon ƙarni na 20 shi ne yawan irin waɗannan mashayu. A ƙarnin da ya gabace shi, mutumin gabashin Zazzau ba ya kwana inda ya ga dama. Ningawa suna kawo hari daga duwatsunsu, masu kamun bayi suna sintiri, saboda haka jama'a suka dunƙule a garuruwa masu ganuwa, a fita gona da safe a dawo kafin a rufe ƙofa. Wannan zama na tsoro yana da wata fa'ida da ba a yi niyyarta ba. Dubban mutane a wuri ɗaya suna buƙatar itacen girki da kayan gini da gonaki, don haka sukan share abin da ke kewaye da gari har bakin rafi, tsakanin gari da gari kuma daji ne da ba kowa ke shiga ba. Mutum da tsando kowa da iyakarsa. Karkarar birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ita ce babbar shaida, domin yawan jama'a ya hana ƙudan wurin zama. Da Turawa suka ci Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, hare-hare suka lafa, sai ganuwa ta rasa aikin yi. Manomi ya ga babu dalilin doguwar tafiya zuwa gona, bayin da suka bar rumada suka nemi ƙasar kansu, gida biyar, gida goma, aka shiga daji aka kafa tunga, kowace tunga kuma a bakin rafi, don ba a zama inda babu ruwa. Gida goma ba za su iya share kurmi ba. Hanyar ƙafa kawai za su fasa zuwa mashaya, sarƙaƙiya ta rufe su hagu da dama. Babu mai hankalin da zai ce zaman hare-hare ya fi, amma zaman lafiyar da ya buɗe ƙofofin ganuwa shi ne ya kai mutane har ƙofar ɗakin tsando.

Za a ce ai tsohon Anchau kansa gari ne mai ganuwa, cike maƙil, amma cutar ba ta ƙyale shi ba. Haka ne, kuma wannan gyara ne ga maganar. Yawan jama'a yana kare mutum ne kawai in ya kai ga share inuwar da ke kan ruwa. A Anchau an bar kurmi da fadama dab da gari, wasu wuraren ma ana tsoron sa musu gatari domin an ɗauke su mazaunin iskoki. Ga cunkoso a cikin ganuwa, ga kududdufai, ga kurkunu da ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin aikin gona. Inda cunkoso ya haɗu da kurmin da ba a taɓawa, ƙuda ɗaya mai cuta yana da ɗaruruwan mutane a gabansa, garin kuma na hakimi ne da kasuwa, kullum cikin karɓar baƙi.

Zirga-zirgar nan ita ce ta ɗauki ƙwayar daga wannan rafi zuwa wancan. Haraji da kuɗin Turawa ake biyansa, kuɗin kuma yana wurin aikin hanya da na jirgin ƙasa da haƙar kuza. Ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya isa Jos da Bukuru a 1914 ya ratsa gefen wannan ƙasa. Saman tsaunin Jos sanyinsa ya hana tsando zama, amma ma'adinan da ke gangare wajen Jama'a da Wamba, da waɗanda ke warwatse a duwatsun gabashin Zazzau, a bakin rafuka suke, domin da ruwa ake wanke kuza. Lebura ya wuni tsaye a rafi tare da mutanen da suka zo daga larduna daban-daban, ya yi 'yan makonni ya haɗa kuɗin haraji, ya koma ƙauyensu da ƙwayar a jininsa. A da cutar takan zauna a kwari ɗaya ta ci abin da za ta ci ta lafa. Yanzu hanya ta haɗa kwaruruka, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Hukuma da kanta ta yarda da haka daga baya, da ta wajabta duba leburorin kuza na waɗannan wurare da yi musu allurar kariya ta pentamidine a kai a kai.

A farkon shekarun 1930 gwamnati ta kafa sashen yaƙi da ciwon barci a ƙarƙashin Dokta H. M. O. Lester, aka bi salon da likitan Faransa Eugène Jamot ya yi suna da shi a Kamaru. Ba a jiran mara lafiya a asibiti. Ayarin ma'aikata ne ke bin ƙauyuka, dagaci ya tara kowa da kowa, a shafa wuya, wanda aka ji kaluluwa a tsotso ruwanta da allura a duba a madubi, in an ga ƙwayar a sa shi a jerin masu karɓar allura na makonni. Tsakanin 1931 da 1940 an duba fiye da mutum miliyan 3, an sami fiye da 300,000 da cutar, a wasu ƙauyukan ƙasar Anchau kuma mutum ɗaya ne cikin uku. Mai shakka zai ce adadin ya hau ne don an fara nema. Akwai gaskiya a ciki, tun da ciwon a wurare da yawa na Arewa mai sauƙi ne a farkonsa, kuma babu wanda ya ƙirga masu shi a zamanin Sarkin Zazzau Kwasau. Sai dai ayarin da ya sami ɗaya cikin uku a wannan gunduma shi ne ya sami kusan babu a wata, da madubi ɗaya da hannu ɗaya. Nema yana iya bayyana girman jimla, amma ba ya bayyana yadda aka raba ta, rabon kuwa ya bi rafuka da tungaye da sansanonin kuza.

A 1937 aka yi dokar ciwon barci da ta ba hukuma ikon tilasta dubawa da share rafuka, aka kuma sami fam 95,000 daga asusun raya ƙasashen mulkin mallaka na Birtaniya, a kashe cikin shekara biyar. Nash ya koma Anchau ya jagoranci aikin, a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru. Lissafinsa shi ne sai ƙasa tana da mutum 70 a kowane murabba'in mil kafin jama'arta su iya riƙe rafukansu a share da aikin gayya na 'yan kwanaki a shekara. Inda ba a kai haka ba, ko a kawo mutane ko a kwashe su. Aka shata zirin ƙasa mai murabba'in mil wajen 700, aka share ɗaruruwan mil na bakin rafi. Ba kowace bishiya aka sare ba. An gano cewa in aka cire sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa masu rassa a ƙasa aka bar dogaye, iskar rani za ta ratsa ta busar da wurin, ƙudan ya mutu da kansa. Aka kwaso mutum wajen 5,000 daga tungaye fiye da 40 aka zuba su a sababbin ƙauyuka 16, aka rage cunkoson tsohon gari da gina Takalafiya mai faɗaɗan tituna da tazara tsakanin gidaje, aka haƙa rijiyoyi masu bangon siminti. A ganina rijiyar nan ce ƙashin bayan aikin duka. Ita ce ta raba tulu da mashaya, ta kuma yanke wa kurkunu hanya, tun da shi ma ta ruwan da ake shiga da ƙafa a ɗiba a sha yake yaɗuwa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce cewa allura ce ta karya annobar, ba gatari ko rijiya ba. Kafin a gama aikin Anchau adadin masu cutar ya riga ya faɗi ƙwarai saboda magani, har a wuraren da ba a tayar da kowa ba. Aikin ya ci kuɗi, kuma ba a sake yin irinsa mai wannan girma ba. Duk wannan gaskiya ne. Magani yana cire ƙwayar daga jinin mutane, ƙuda ya ciji ya tashi hannu rabbana. Amma warkewa daga ciwon barci ba ta hana sake kamuwa, kuma wanda aka gama wa allura ran Talata, ran Laraba yana mashayar da ya kamu. Maganin lokacin ma ba abin wasa ba ne: tryparsamide, mai sinadarin arsenik, yana makantar da wasu, har a yankin Bafia na Kamaru ɗaruruwa suka rasa idanunsu da aka zarce ƙima. Abin da ke faruwa in aka dogara ga dubawa da allura kaɗai an gan shi a Kwango. Zuwa 1960 an kusa kawar da cutar a can, amma da rikici ya wargaza ayarin masu dubawa, mazauni da mashaya kuma suna nan yadda suke, sai ta dawo. A 1998 an kai rahoton kusan mutum 40,000 a Afirka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta waɗanda ba a gano ba sun kai 300,000. A Arewacin Nijeriya ma dubawar ƙauye-ƙauye ta ja baya, amma annobar ba ta dawo ba, domin ƙasar ce ta canza. An yi feshin maganin ƙwari a bakin koguna tun daga tsakiyar shekarun 1950, jama'a ta ninka, gona ta haɗe da gona, fadamu suka koma rake da lambu. Yawan da Nash ya nema da tilas, haihuwa da garma sun kawo shi sun wuce.

Makiyayi zai ce ai ya ga farar saniyar Bunaji tana faɗuwa da sammore a inda gajerun shanun Muturu ke kiwo lafiya lau, don me mutane ba za su bambanta haka ba? Suna bambanta. A 2010 masu bincike sun gano wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, suna taimakon jini a kan wani nau'in ƙwayar ciwon barci, amma wanda ya gaje su ta uwa da uba haɗarin ciwon ƙoda yana ƙaruwa a kansa. Ciniki ne irin na sikila da zazzaɓin cizon sauro, wanda gidajenmu da yawa suka san zafinsa. Gado yana iya bayyana dalilin da ya sa cikin yara biyu masu zuwa mashaya ɗaya, ɗaya ya kwanta da wuri, ɗaya ya daɗe yana yawo. Ba zai iya bayyana tashin annoba da faɗuwarta cikin shekara 30 ba, domin jinin mutanen Zazzau na 1935 shi ne na iyayensu na 1900.

Saura maganar jahilci, wadda rahotannin mulkin mallaka suka yawaita jingina da ita. A ƙarshen shekarun 1950 wani Ba'amurke masanin al'umma, Horace Miner, ya yi bincike a ƙasar Anchau, ya wallafa abin da ya gani a 1960: mutane suna fita saran rafi kowace shekara, amma don umarni ne daga sama, kuma da wuya a sami wanda ya yarda cewa ƙuda ke kawo ciwon. Akan ɗauki wannan a matsayin shaidar taurin kai. Amma a duba: cutar ta ragu ko da mutane ba su yarda da bayanin likita ba, wato abin da ke cikin kan mutum bai kai inda ƙafarsa ke takawa tasiri ba. Wanda ya ce kurmin nan akwai abin tsoro a cikinsa bai yi kuskuren wuri ba, a kan sunan mai laifi ne suka saɓa da likita. Yaya kuma za a ga laifin wanda ya ƙi gaskata cewa cizon da aka yi masa bara ne ya kwantar da shi bana, alhali an ciji maƙwabcinsa sau ɗari bai kwanta ba? Gazawar ta masu aikin ce, da suka ga ba da umarni ta hannun sarki da hakimi da dagaci ya fi musu sauƙi a kan zama a yi wa talaka bayani. Shi kuwa imani da ƙaddara bai taɓa hana Musulmi sauya wuri ba. Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da wannan.

Kada a ɗauka yabon rijiya yabon tilas ne. An tayar da mutane daga gonakin da suka sare da hannunsu da kaburburan iyayensu, saran rafi na shekara-shekara kuma aiki ne ba lada a kan talakan da ya riga ya biya haraji. Gwamnatin da ke gina Takalafiya ita ce daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, ta riƙa kwasar dubban manoma daga lardunan Arewa, har da Zazzau, zuwa aikin kuza na dole da ake kira ɗiban gwamna, inda sanyi da yunwa da cunkoso suka kashe da yawa. Hannun da ya rage wa mutumin Anchau haɗarin wata cuta shi ne ya jefa ɗan'uwansa cikin haɗarin wata. Wannan ma yana cikin hujjar, domin mai iko da inda mutum zai kwana da aikin da zai wuni yana yi, ya riƙe rabon cutarsa a hannu.

Yau ciwon barci ya kusa zama tarihi. Tun daga 2018 rahoton shekara a duniya duka bai kai mutum 1,000 ba, akasarinsu a Kwango. Akwai maganin haɗiya na kwana goma mai suna fexinidazole, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Togo da Benin da Gana da Cadi sun kawar da cutar a matsayin matsalar jama'a. Tsando a Arewa ya koma gandun daji irin na Yankari da 'yan kuramen da suka tsira. Sai dai tafiyar da aka yi bayan 1903 ta juyo da baya. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da yammacin Kaduna 'yan bindiga sun tayar da ɗaruruwan ƙauyuka, mutanen tunga suna komawa garuruwa don su samu runtsawa, suna sauka a makarantu da kangwaye da gidajen 'yan'uwa, wasu ma sun ƙetara zuwa ƙasar Maradi. Gari ya ninka, rijiyoyinsa ba su ninka ba. Iyali goma a ɗakin aji ɗaya da bazara zama ne da sanƙarau da ƙyanda ke so, kududdufin bayan gari da damina kuma na amai da gudawa ne, yaran da ake aika ɗibar ruwa a can kuwa ba su girmi waɗanda ake aika mashayar Anchau a 1935 ba.